JINYAR ZUCIYAR YARA TA HANYAR WASA

Jawabin da kwamitin hidimar yara ya gabatar a taron dattawa, zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi

  Mun san waɗansu tun kafin kiran asuba suka hau babur domin su iso a kan lokaci. Allah ya sāka muku.

Ɗazu a bakin ƙofa wani dattijo ya tare mu da takardar tsarin taro a hannunsa, ya ce, "To, 'ya'yana, yanzu har wasan yara ma sai an tara mutane a kansa? Mu da muka baro aikin gona?" Muka yi dariya tare da shi. Amma Baba yana da gaskiya da ya tambaya, mun kuma san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya a zuci ba. Saboda haka za mu amsa masa da labarin wani yaro. Ba za mu faɗi sunansa ko garinsu ba.

Yaron nan shekararsa bakwai sa'ad da uwarsa ta kawo shi ɗaya daga cikin ƙananan ikkilisiyoyinmu. An kai wa ƙauyensu hari da dare, ubansa bai tsira ba. A makarantar Lahadi ba ya zama wuri ɗaya. Ya mari wannan, ya ciji wancan, ya yaga littafi. A gida kuwa fitsarin kwance ya dawo masa, abin da ya bari tun yana ɗan shekara uku. Malami ya yi tsumagiya har ya gaji. Uwa ta yi duka, ta yi kuka. Sau uku aka kai shi gaban jama'a aka ɗora masa hannu da ƙarfi ana tsawatar wa aljani, yaro yana makyarkyata. Ba mu faɗi wannan domin mu kunyata kowa ba, gama waɗansunmu da ke tsaye a gabanku yau muna cikin waɗanda suka ba da wannan shawara.

Wata Asabar, wata mama daga zumuntar mata tana shara a bayan majami'a sai ta hange shi shi kaɗai a gindin bishiyar darbejiya. Ya gina shanu da laka ya jera su. Ya kakkarya kara ya tsayar kamar mutane. Sai ya ɗauko wani dogon kara ya watsa su duka, ya ɗauki ɗaya ya binne a ƙasa, sa'an nan ya kwanta rub da ciki ya toshe bakinsa da hannu biyu. Ya tashi, ya sāke jera su, ya sāke watsawa. Mama ba ta ce masa komai ba. Ta ajiye tsintsiya, ta zauna a kan dutse. A karo na huɗu yaron ya ɗago kai ya ce, "Mama, a nan na ɓuya. Inna ta ce kada in yi numfashi."

Wata takwas ke nan da faruwar abin, ba a kuwa taɓa jin ya ambaci daren nan ba sai ranar. Duk tambayoyinmu da tsawarmu ba su fito da shi ba. Laka da kara suka fito da shi, da kuma mace ɗaya da ta iya yin shiru.

'Yan'uwa, babban mutum idan abu ya dame shi yakan sami aboki ko fasto ya zauna ya zayyana masa. Yaro ɗan shekara biyar ko bakwai ba shi da wannan. Bai san sunan abin da yake ji ba. Bai san cewa nauyin da ke ƙirjinsa tsoro ne, ko kewar ubansa ce, ko kuwa zargin kansa yake yi don ya ɓuya bai taimaka ba. Manzo Bulus ma, a 1 Korantiyawa 13:11, ya yarda cewa yaro yana da irin maganarsa da irin tunaninsa dabam da na babba. Abin da bakin yaro ya kasa furtawa, hannunsa yakan gina shi. Idan kuwa ba a ba hannun wuri ba, sai ya fito da shi ta mari da cizo da fashe-fashe, mu kuma mu kira shi taurin kai.

Ba mu ne muka fara lura da haka ba. A birnin Landan, wata likitar yara mai suna Margaret Lowenfeld ta buɗe wurin duba yara masu damuwa a 1928. A shekara ta gaba ta ajiye musu faranti mai faɗi da yashi, da ruwa, da akwatin ƙananan mutum-mutumi na mutane da dabbobi da gidaje. Yaran da kansu suka riƙa kiran abin da suke ginawa a ciki duniya, ita kuma ta riƙa zama tana kallo tana rubuta abin da ta gani. A Amurka kuma, Virginia Axline ta fitar da littafi a kan jinya ta hanyar wasa a 1947, inda ta shimfiɗa ƙa'idodi takwas. Zuciyar ƙa'idodin nan ita ce, babba ya karɓi yaro yadda yake, ya bar shi ya ja gaba, kada ya gaggauta shi, kada kuma ya sa iyaka sai wadda ta zama dole. A 1964 ta rubuta labarin wani yaro ɗan shekara biyar da ta kira Dibs, wanda ba ya magana da kowa a makaranta, yana rarrafe a ƙarƙashin tebur, har iyayensa suka ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ba ta cika ba. Mako-mako ta riƙa zama da shi a ɗakin wasa. A can ya binne wani ɗan mutum-mutumi da ya kira babansa a cikin yashi. Daga baya aka gane yaro ne mai hazaƙa ƙwarai.

Kun lura? Yaro a birnin New York ya binne abu a yashi, yaro a bayan majami'armu ya binne kara a ƙasa. Babu wanda ya koya wa ɗayansu.

Akwai wani labari da ya fi kusa da halin da muke ciki. A watan Yuli na 1976, a wani gari da ake kira Chowchilla a jihar Kalifoniya, waɗansu mutum uku suka tare motar makaranta da bindiga, suka kwashe yara 26 da direbansu, suka sa su cikin wata babbar mota da aka binne a ƙasa. Bayan kamar awa 16 a cikin ramin, suka haƙa suka fito da kansu. Ba wanda ya mutu. Aka duba jikinsu aka ce lafiya lau, kowa ya koma gida da murna. Wata likitar ƙwaƙwalwa, Lenore Terr, ta bi sawun yaran nan shekara da shekaru. Ta tarar babu ko ɗaya da abin bai bar masa tabo a zuciya ba, har bayan shekara huɗu. Ta kuma lura da wani irin wasa da waɗansunsu ke yi: wasan da babu dariya a cikinsa, ana maimaita abu ɗaya kullum ba ya canzawa, yaro kuma ba ya samun sauƙi bayan ya gama.

Wannan ya kamata mu riƙe shi da kyau. Tun daga rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, zuwa tashin hankalin arewa maso gabas da ya soma a 2009, da sace 'yan matan Chibok 276 a 2014, da satar mutane da ta addabi ƙauyukan Zamfara, Katsina, Kaduna da Neja, yaranmu sun ga abin da bai kamata ido ya gani ba. Idan aka sako wanda aka sace mukan yi sujadar godiya, daidai ne kuwa. Amma washegari mukan ce magana ta wuce, a manta. Yaro ba ya mantawa don an ce ya manta. Kuma ba sai an yi harbi ba. Akwai yaron da kakanninsa suka juya wa iyayensa baya saboda bangaskiya, yana wucewa ta ƙofar gidansu ba mai kiransa ya sha ruwa. Akwai yarinyar da ita kaɗai ce mai bi a ajinsu, kullum ana jifanta da sunan da muka sani. Akwai marayan da aka raba tsakanin dangi kamar kayan gado. Akwai wanda kowane dare yana jin ubansa na dukan uwarsa, ranar Lahadi kuma ya ga uban yana karɓar baiko a gaban jama'a. Ku gafarce mu, amma yana faruwa.

Wasa shi kaɗai, yaro a ɓoye ba kowa kusa, ba lalle ya warkar ba. Yaronmu ya daɗe yana wasan nan a bayan majami'a, bai sami sauƙi ba. Abin da ya canza shi ne zuwan babban mutum wanda ya zauna, ya gani, bai tsorata ba, bai kuma tsawata ba.

To, yaya ake yinsa?

Masu wannan aiki sukan yi shi da yara daga shekara uku zuwa wajen goma sha biyu, sau ɗaya a mako, minti talatin zuwa hamsin. Waɗanda suka ƙware sun yi karatu mai zurfi a kansa, ba za mu kuwa ruɗe ku mu ce taron kwana biyu zai mai da mu kamarsu ba. Amma tun a shekarun 1960 waɗansu ma'aurata masana halayyar ɗan Adam, Bernard da Louise Guerney, suka ga cewa ƙwararru ba za su taɓa isar yaran da ke bukata ba, sai suka soma koya wa iyaye su yi wasan da 'ya'yansu a gida. Daga baya Garry Landreth na Jami'ar Arewacin Texas ya taƙaita koyarwar zuwa mako goma, inda uwa ko uba ke ba yaro minti talatin a mako. A 2005 waɗansu masana suka tattara bincike 93 da aka yi tsakanin 1953 da 2000, suka tarar yaran da aka yi wa irin wannan jinya sun fi waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi sosai, amfanin kuma ya fi yawa inda iyaye ne aka horar suka yi. Wannan albishir ne gare mu. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a ƙasarmu, amma iyaye mata da kakanni Allah ya ba mu su a kowace ikkilisiya.

Kayan aikin ba su wuce cikin kwali ɗaya ba. Yumɓu ko laka, kara, murafun kwalba, tsummoki, gawayi ko alli, takarda da fensir mai launi idan akwai. 'Yan tsana da za su isa iyali guda: uba, uwa, yara, jariri. Ƙananan tukwane da gwangwanin madara na dafa tuwon ƙasa. Tire ko tsohuwar tasa cike da yashi. Motar kara, tsohuwar wayar hannu da ta mutu, ɗan ƙyallen ɗaure ciwo. Kada wani ya ce sai an sayo kayan Turai. A Kingston ta ƙasar Jamaika, daga 1986, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen talakawa masu ƙananan yara da suka tsumbure, sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa da hannu. Bayan shekara ashirin aka koma aka tarar yaran nan suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da wajen kashi 25 cikin ɗari. Wancan ba jinyar damuwa ba ce kai tsaye, amma ya nuna mana cewa amfanin ba a cikin tsadar kaya yake ba.

A kwamitinmu mun yi doguwar muhawara a kan bindigar kara. Waɗansu suka ce, yaya za a ajiye bindiga a harabar gidan Allah, ko da ta wasa ce? Mun fahimci damuwarsu. Amma yaron da bindiga ta shiga rayuwarsa, ko ka hana shi zai ɗauki cokali ya mai da shi bindiga. Gara ya yi a gabanka, inda kake gani. Muka tsaya a kan cewa ba za mu sayo ba, amma idan yaro ya haɗa tasa ba za mu ƙwace ba.

Sai a zaɓi rana ɗaya da lokaci ɗaya, a riƙe su kamar lokacin sujada. Idan Laraba ce bayan la'asar, to kullum Laraba bayan la'asar. Ga yaron da duniyarsa ta rushe cikin dare ɗaya, sanin cewa Mama za ta zo ranar Laraba, ta kuwa zo, magani ne a kan kansa. Kada a ce, "Yau ka yi rashin ji, saboda haka babu wasa." Wannan lokaci ba lada ba ne, ba a kuma hana mara lafiya magani don ya yi laifi. A shimfiɗa tabarma, a zauna ƙasa daidai da yaron, a kashe waya. A gaya masa, "Wannan lokacinka ne, kai za ka zaɓi abin da za mu yi." Idan saura minti biyar a sanar da shi, don kada a yanke masa kwatsam.

Yanzu ga wuri mai wuya, musamman gare mu masu wa'azi. A cikin minti talatin ɗin nan ba a koyarwa. Ba a tambaya, "Don me ka yi haka?" Ba a gyara masa cewa saniya ba ta da ƙafa biyar. Ba a cewa, "Kai, abin da ka gina ya yi kyau," gama da zarar ka faɗi haka zai soma gini domin ya faranta maka rai, ya bar abin da ke damunsa. Ba a kuma ɗaukar wasansa a juya shi ya zama darasin Littafi Mai Tsarki. Abin da ake yi shi ne a faɗi abin da ido ya gani, a taƙaice: "Ka jera su duka a layi." "Wannan ka ajiye shi can nesa, shi kaɗai." Idan fuskarsa ta nuna wani abu, a ba shi suna: "Ɗan ƙaramin nan ya tsorata ƙwarai." Idan ka yi kuskure yaro zai gyara maka, kada ka damu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mu dai mun saba tambayar baki, shi ya sa muke komawa hannu wofi.

Wani zai ce, ai wannan sakaci ne, a bar yaro ya yi abin da ya ga dama. A'a, akwai iyaka. Ba ya dukan mutum, ba ya cutar da kansa, ba ya lalata kaya da gangan. Amma ga yadda ake sa iyakar, mataki uku kamar yadda Landreth ya koyar: a amince da abin da yake ji, a faɗi iyakar, a nuna masa wata hanya. Misali, ya ɗaga kara zai make ki, sai ki ce da murya a kwance, "Na ga ranka ya ɓaci da ni. Amma ba a dukan mutum a nan. Ga buhun dusa can, doke shi iya ƙarfinka." Kun ga ba a ce fushinsa zunubi ne ba, ba a kuma bar shi ya yi duka ba. Yaron da ya ji haka sau goma, sau ashirin, yana koyon abin da tsumagiya ba ta koyarwa, wato mutum yana iya yin fushi ya kuma riƙe hannunsa.

Mun san ayoyin da ke zuciyar iyayenmu a yanzu: Karin Magana 13:24 da 22:15, a kan sanda da horo. Mun kuma san karin maganarmu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba mu zo mu ce a daina horon yara ba. Amma iccen da aka riga aka sare shi rabi, idan ka tanƙwara shi karyewa zai yi. Dole mu bambanta yaron da ke tawaye da yaron da ke ciwo. Fitsarin kwance ba tawaye ba ne, yaro yana barci ya yi shi. Firgita da ihu cikin dare ba tawaye ba ne. Manzon da ya umarci yara su yi biyayya, shi ne kuma a Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21 ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su fid da zuciya.

Ku tuna da Iliya a 1 Sarakuna 19, sa'ad da ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Allah bai soma da tsawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, magana ta biyo baya. Abokan Ayuba kuma, kwana bakwai da suka yi zaune a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba, su ne kwanakin da suka fi yi masa amfani. Da suka buɗe baki ne suka ɓata. Ubangijinmu da kansa mai kallon wasan yara ne. A Matiyu 11:16-17 ya ba da misali da yara a kasuwa, waɗansu sun shirya wasan biki abokansu suka ƙi rawa, suka juya wasan makoki nan ma aka ƙi kuka. Ashe yaran zamaninsa ma suna wasan jana'iza, ya kuwa tsaya ya lura da su har ya san yadda wasan ke tafiya. Sa'ad da annabi Zakariya, a sura 8 aya 4 da 5, ya so ya nuna yadda Urushalima za ta zama bayan an komo daga bauta, bai ambaci kasuwa ko sojoji ba. Tsofaffi ya nuna zaune a dandali da sandunansu, yara maza da mata kuma sun cika tituna da wasa.

Game da addu'a, kada a fita daga nan a ce kwamitin yara ya hana yi wa yara addu'a. Allah ya kiyaye. Muna addu'a kafin yaro ya zo, muna addu'a bayan ya tafi, idan kuma shi ya roƙa mukan yi tare da shi a hankali. Abin da muke roƙo a daina shi ne kewaye yaron da aka taɓa kewayewa da makamai, manya goma suna ihu a kansa sun danne shi ƙasa. Mu mun san nufinmu alheri ne, amma jikinsa daren nan yake tunawa. Yaron kuma da aka gaya wa a gaban jama'a cewa aljani na cikinsa, ko shi maye ne, zai ɗauki wannan suna ya girma da shi. Waɗansu daga cikin samarin da suka bar ikkilisiya ba su ƙara waiwayowa ba, daga nan aka rasa su.

Wata magana kuma da ta shafe mu musamman, mu da muke zaune tsiraru a tsakiyar maƙwabta. Wani lokaci yaro zai ɗauki 'yan tsana ya raba su biyu, ya ce waɗannan su ne mugaye, ya kira su da sunan wata kabila ko wani addini, ya karkashe su. Kada ka ce masa, "Yauwa, haka suke." Kada kuma ka tsawata masa. Ka ce, "Kana fushi ƙwarai da waɗanda suka yi muku haka." Ka tsaya a kan abin da yake ji. Fushin da aka saurara yakan huce a hankali, wanda aka danne ko aka hura masa wuta shi ne ke zama ƙiyayya. Mun kuma sani 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi sun sha irin wannan azaba, an ƙone nasu ƙauyukan, an sace nasu iyayen. A wata ikkilisiyarmu wata maƙwabciya ta ga canji a ɗan ƙawarta, ta zo ta tambaya ko za a nuna mata yadda ake yi. An nuna mata, a gidanta, ba tare da wani sharaɗi ba.

Dole mu faɗi inda ƙarfinmu ya ƙare. Mun taɓa zama da wata yarinya mako shida muna tsammani damuwa ce ke sa ta yin zuru tana kallon wuri ɗaya, a kira ta ba ta amsawa. Malaminta ya sha dukanta a kan raini. Da aka kai ta asibiti sai aka tarar wani nau'in farfaɗiya ne wanda ba ya kayar da mutum, ana ɗauke hankalinsa ne na 'yan daƙiƙu. Magani take bukata, mu kuwa mun ɓata mata mako shida. Saboda haka idan yaro yana suma ko ɗaukewa, ko ya daina ci yana ramewa, ko yana maganar kashe kansa ko yana yanka jikinsa, ko yana jin muryoyi, ko tun yana ƙarami ba ya haɗa ido ba ya magana, ko kuwa wasansa ya tsaya a kan abu ɗaya mai ban tsoro mako bayan mako yana kuma ƙara firgita, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Zariya, Kano da Jos. Zuwa can ba abin kunya ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. Ga yaran da suka ga mummunan abu ƙwarai, akwai wata jinya ta mataki-mataki da ake koya wa yaro kwantar da jikinsa, sa'an nan a taimake shi ya ba da labarinsa sannu a hankali. An gwada ta a Kwango a kan yaran da yaƙi ya taɓa, an gwada ta a Zambiya ta hannun mutanen gari da aka horar, ta kuwa yi amfani. Idan ikkilisiya za ta tura mutum horo, wannan wuri ne da ya cancanci kuɗin baiko.

Sa'an nan a tsare yara daga mu kanmu. Ba a yin wannan aiki sai da yardar iyaye ko mai riƙon yaron. Ba a kulle ƙofa. A zauna inda wani babba na iya hangowa ko da ba ya jin magana. Yarinya mace ce za ta zauna da ita. Abin da yaro ya yi a kan tabarma ba labarin da za a kai zumunta ba ne, ba kuma misalin wa'azi ba ne. Labarin da muka ba ku ɗazu sai da muka nemi izinin uwar. Amma idan wasan ya nuna cewa wani yana taɓa yaron ta hanyar da ba ta dace ba, kada a yi masa alkawarin rufa asiri, kada kuma a yi ta yi masa tambayoyi ana sa masa magana a baki. A saurara, a rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, a kai shi asibiti, a sanar da hukuma, ko da wanda ake zargi dattijo ne ko ɗan fasto. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana nan, tsoron Allah kuma ya riga ta.

Za ku so ku san yadda yaronmu ya ƙare. Maman nan ta riƙa zama da shi kowace Asabar. Mako biyar na fari wasan bai canza ba, har ta zo mana tana cewa ita kam ta ga ba amfani. A mako na bakwai wata motar kara ta shigo wasan, ta kwashe ƙananan ta kai su bayan tukunya. Wajen mako na goma ya tono karan da yake binnewa, ya share masa ƙasa, ya kwantar da shi a kan ganye, ya rufe shi da tsumma, ya ce a yi masa waƙa. Ashe ba a bar shi ya ga jana'izar ubansa ba. Suka rera waƙa, su biyu, a bayan majami'a. Cizo ya tsaya. Fitsarin kwance ya ragu ƙwarai, ko da yake yakan dawo idan an ji labarin hari a kusa. Har yanzu ƙarar babur da dare tana tayar da shi. Amma yana zama a aji, yana da aboki, uwarsa kuma yanzu ita ke riƙe da kwalin.

Roƙonmu ga dattawa guda uku ne. Kowace ikkilisiya ta ba mu sunayen mutum biyu, mace da namiji, masu haƙuri da riƙon asiri. Ba lalle sai masu ilimin boko ba, gama wadda ta fi kowa iyawa a cikinmu ba ta iya karatu ba. A ware inuwa ɗaya ko ɗaki ɗaya na awa biyu a mako. A kuma yarda cewa duk yaron da halinsa ya canza bayan wani tashin hankali ko rasuwa, ba za a hukunta shi a gaban jama'a ba sai an zauna da shi tukuna.

Iyayenmu mata sun aiko cewa kunu ya sauka. Bayan mun sha za mu dawo nan, mun shimfiɗa tabarmi shida a bayan ɗakin taro, kowace da kwalinta. Za mu zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama yaro, ɗaya ya gwada yin minti goma ba tambaya ba wa'azi, sa'an nan a yi musaya. Baba da ya tare mu a ƙofa ya ce shi zai fara zama yaron, da sharaɗin a ba shi laka mai kyau, don a zamaninsu ba wanda ya fi shi iya gina shanu.